Tayoyi Huɗu Kafin Alhamis

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona game da yayarku ta Yamai. Kuna cewa na ba da ita kamar yadda ake ba maƙwabci aron turmi, ban ko tsaya na kalli motar da ta ɗauke ta ba. Abdu ya taɓa faɗa wa uwarsa haka a tsakar gida, yana tsammanin barci nake a rumfa. Ba barci nake ba, Abdu. Tsoho rufe ido kawai yake yi don a saki baki a gabansa. Ban yi fushi ba, domin abin da idonku ya gani ke nan: tana zuwa sau ɗaya a shekara biyu, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, in amsa mata kamar limamin unguwa, ta ajiye sukari da shadda, ta koma. Amma lokacin da abin ya faru ko auren uwarku ban yi ba, kuma waɗanda suka gani duk ƙasa ta rufe musu ido, saura ni da ita. To ku bari in faɗa muku yadda aka yi, in ya so ku yanke mini hukunci da hujja.

A bazarar shekarar da abin ya faru ne Hasana, matata ta fari, ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Gidan nan na bayan tashar Madawa, wanda yau hayaniyarku ke hana ni jin rediyo a cikinsa, ya koma na mutum uku: ni, da Inna mahaifiyata wadda idonta ya fara hazo, da yarinya 'yar shekara takwas. Ban san gida yana da murya ba sai da ta ɗauke. Ba ƙarar daka, ba waƙar da Hasana kan yi in tana tankaɗe, ba mai yi mini faɗa don na taɓa labule da hannu baƙi ƙirin. Inna takan dafa abin da ta iya lalubawa, wata rana gishiri sau biyu, wata rana babu sam, mu ci ba mai cewa uffan. Ni kuwa sai na gudu rumfar aikina. Tun da asuba ina bakin gudron, wato titin kwalta, ƙarƙashin itacen bedin nan da aka sare daga baya, ina facin tayoyin motocin albasa, ba na komawa gida sai an kira magariba. Mutane suna cewa Garba mai faci akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne, tsoron shiga ɗakin nake yi.

Yarinyar ita ce 'yata ta fari, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan kalma ba. Yadda aka tashe mu a Adar, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya nuna ma ya san da shi. In ya yi, ya zama abin zunɗe a majalisa, a ce wane ba shi da kunya. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran wana da sunansa ba, ni ma abin da na tarar ke nan. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan." Sunanta Rakiya. Kun ga na rubuta shi kuma hannuna bai karye ba. Da Hasana na da rai abin bai dame mu ba, domin in na sayo alewa sai in miƙa wa uwar in ce "ga wannan," ita ta san ko ta wace ce. Da ta tafi, sai aka rasa mai kai saƙo.

Ita kuma Rakiya ba ta da wasan da ya wuce mota. Sa'o'inta na goya 'yar tsana, ita tana haɗa motar kara, tana yanka tsohon silifas ta yi mata tayoyi. Bayan rasuwar uwarta sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Kowace la'asar ta zo rumfata, ta zauna a kan wata tsohuwar tayar kamiyo, babbar motar kaya, da ke gefe, ta zuba mini ido. Ba ta magana, ba na magana. Amma ranar da duk ta makara, sai in tarar ina ta goge wuri ɗaya a shambur, robar iskar cikin taya, har ya kusa hujewa.

Ƙarshen damina, ana gab da komawa lakkwal, wato makarantar boko, sai ga Mariyama ƙanwar Hasana ta sauka wata ranar Juma'a. Ungozoma ce a wata likita, wato asibiti, a Yamai, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun tana budurwa ni da ita ba ma haɗuwa sai da tsokana irin ta miji da ƙanwar mata. Wannan karon ba ta tsokane ni ba. Ta biyo ta Tama, wurin dangin Hasana, kuma manyansu sun yanke magana: gida ba mace, kaka ba ido, a ba Mariyama riƙon yarinya ta sa ta karatu a birni. Ta faɗi wannan a gaban Inna, kanta a sunkuye, sa'an nan ta ɗago.

"Yaya Garba, kai mi ka ce?"

Na so in ce a'a. Amma wane uba ne zai buɗe baki a gaban uwarsa da surukarsa ya ce ba ya iya rabuwa da 'yar fari? Na kalli ƙasa.

"Duk abin da manya sunka gani," na ce.

Mariyama ta san halin 'yar yayarta, don haka ba atamfa ta kawo mata ba. Ta buɗe kwali ta fito da wata 'yar kamiyo ja, tsawonta kamar kamu biyu, wadda ta samu wurin wani nasara da zai koma ƙasarsu yana rabuwa da tarkacensa. Tana da wani ɗan akwati baƙi mai tsinken eriya, telekomand, in ka murɗa shi daga nesa sai motar ta bi umarni. Aka sa pil, wato batir, Mariyama ta danna, abin ya zabura ya nufi madafa, kajin Inna suka watse.

"Wa ka tura ta?" Inna ta tambaya tana janye ƙafafunta. "Ku hwaɗa min gaskiya, akwai mutum ciki?"

Rakiya ta yi dariya. Tun bazara ban ji wannan dariya ba, har na juya baya don kada a ga fuskata. Amma murnar ba ta daɗe ba. Motar na shiga yashin gindin randa sai ta tsaya tana kuka kamar sauro. Na tsuguna na duba. Tayoyin sun tsufa sun tsattsage, sun saki janti, wato kaskon da taya ke zama a kansa, sai jantin yana juyawa shi kaɗai a ciki, robar na tsaye. A ƙasan kwalin kuwa akwai leda da sababbin tayoyi huɗu da ba a ɗora ba, da soso huɗu, da wata 'yar kwalbar kol, wato gam, da ba ta kai ɗan yatsana ba, da takarda mai rubutun nasara. Mariyama ta ce wa yarinyar ta haɗa kayanta, ran Alhamis za su tafi, hutun da aka ba ta ke nan. Rakiya ta rungume motar.

"Ba ni zuwa sai motata na tahiya da ƙahwahunta."

"To ga babanki nan, sarkin taya na Madawa duka," in ji Mariyama. "In ya gyara ta kahin Alhamis, mu tahi, da ke da ita. In ba ta gyaru ba, ki zamna wurin kakarki hal baɗi, mu gani."

"Mun ji," Inna ta yi caraf ta ce. "Allah ma ya ji. Mariyama, ba a maida magana."

"Ba ni maidawa, Inna."

Da ta faɗi haka ni take kallo, ba Inna ba. A lokacin na ɗauka tsohuwar tsokanarta ce ta motsa, tana gwada ni ta ga ko sarkin taya zai sha kunya a hannun abin wasan yara. Na ɗauki kwalin na sa a hammata kamar wanda aka ƙalubalanta a fagen kokawa.

Ran Asabar da tsakar rana, lokacin da hanya ke yin tsit direbobi na kwance ƙarƙashin motocinsu, na shimfiɗa buhu na baje kayan. Shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, kuma abin da maigidana ya fara koya mini shi ne, kol ba ya son gaggawa. Ka shafa a nan, ka shafa a can, ka ajiye ya sha iska har sai ya daina kama yatsa, sa'an nan ka haɗa ka danne. Haka na yi. Na shafa a bakin janti, na shafa a leɓen taya, na ajiye, na tafi na yi alwala. Da na dawo sai na tarar ya bushe fari fat, ya yi tauri kamar gishiri, tayar ta ƙi zama ko ta halin ƙaƙa. Ina ƙoƙarin goge abin da ya zubo a bakin kwalbar, sai babban yatsana da manuni suka manne da juna, sai da na sa reza na raba su, fata ta tafi. Na yi ta zagin nasaran da ya ƙera shi har kakansa. Wunin ranar da na Lahadi a kankare busasshen kol suka ƙare, a hankali da bakin reza, don kada in yanke robar.

Kuskure na biyu ya fi na farko, kuma babu wanda zai yi shi sai mai faci. A jikin kowane janti na ga 'yan hudoji biyu, ƙanana kamar idon allura. Ni kuwa rayuwata duka neman huda nake yi. In tsoma shambur a ruwa, in bi kumfa, in samu inda take, in toshe. Ban ko yi tunani ba, na yanka 'yan faci ƙanana na liƙe su duka takwas, har ina jin daɗin na gano aibin da maƙerin ya bari. Ran Litinin na ɗora tayoyi biyu, wannan karon na haɗa da sauri, suka kama. Na ajiye su a rana don su ƙara ƙarfi. Kafin la'asar sun kumbura tim, in ka yar da ɗaya ƙasa sai ta yi tsalle, kuma ina kallo leɓen ɗayar ya ɗaga ya saki. Rakiya na zaune a kan tayar kamiyonta tana gani. Na ɗaga kwalbar na duba, kol ya wuce rabi da nisa, kuma ni dai ban taɓa ganin irinsa a kasuwarmu ba a wancan lokaci.

Ran Talata na rufe rumfa, abin da ban taɓa yi ba sai ranar jana'izar Hasana, na shiga mota zuwa likitar mishan da ke yamma da mu. Akwai abokina a can, Yohanna, wanda muka koyi faci tare muna samari. Shi Kirista ne, yana aiki a garejin likitar, yana gyaran kekunan guragu, kuma zama da nasara ya sa yana karanta harshensu. Ya yi mini gaisuwar Hasana, ya ba ni shayi, ya sa tabarau ya karanta takardar, sa'an nan ya juya jantin ya ga facina. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Garba, kai da ka ga huda hannunka ka ƙaiƙayi! Wagga ba ciwo ta ba, hanci na. Wagga taya ba iska ka riƙe ta ba, soson ciki na. Ka toshe mata hanci, rana ta dahwa iskan da ka kulle, ina kake so shi hita?"

Ya nuna mini sauran abin da takardar ta ce. A wanke leɓen taya da sabulu tukuna, domin sabuwar roba na da maiƙo. A duba zanen taya, biyu na dama ne biyu na hagu. A zaunar da ita daidai a kan janti kafin kol ya taɓa ta, sa'an nan a ɗaga leɓen kaɗan a ɗiga. Ya ɗaga kwalbar ya hasko ta a taga.

"Wanga kol ba ya jiran kowa. Namu na faci sai an ba shi haƙuri, wanga ko kana ɗigawa ya gama magana. Abin da ya saura, in hannunka bai yi rawa ba, ya isa. In ya yi rawa sau guda, shi ke nan."

Ban gaya masa abin da ke rataye a kan tayoyin ba. Ya ɗauka aikin wani alhaji ne. A hanyar dawowa ina zaune a bayan mota tsakanin buhunan albasa, kwalin a cinyata, a karo na farko na yi tunanin abin da kowa a gidanmu ya riga ni tunani. Kol saura ɗigo kaɗan. Na riga na ɓata aikin sau biyu a gaban shaida. In hannuna ya yi rawa gobe, ba mai zargina, kuma yarinya ta zauna har baɗi.

Laraba da safe, na dawo daga masallaci, Inna na zaune a bakin ɗakinta da carbi. Mariyama ta fita gaisuwar dangi. Inna ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro.

"Gagarau, zo nan. Wa ya ce maka dole motag ga ta gyaru?"

"Inna, aiki na anka ba ni."

"Aiki! Ɗiyar mutane ta buɗe maka ƙohwa da hannunta, ta ce bi nan, kai kana neman guduma ka gyara ƙyauren. Ni ba ni gani, amma na hi ka gani. In ɗiyag ga ta tahi, ni da kai za mu zamna cikin gidan ga awa kabari biyu."

Na san gaskiya ta faɗa. Na fita da niyyar bin maganarta, wallahi da wannan niyyar na fita. Na wanke tayoyin da sabulu na shanya su a inuwa, ina gaya wa kaina cewa don a ga na yi ƙoƙari ne. Na ɓamɓare facin nan takwas, na gasa tsinken keke na buɗe hudojin da kol ya toshe. Na kankare tayoyi biyun da na ɓata, na yanka tsohon shambur na yi zobba na roba da za su riƙe leɓe. Duk wannan ina yi ina cewa a raina, in an zo ɗiga kol sai in matsa kwalbar da ƙarfi sau ɗaya, ya zube a ƙasa, magana ta ƙare.

Ran nan yarinyar ba ta jira la'asar ba. Da hantsi sai ga ta, ta zauna a wurinta. Ta daɗe tana kallon kayan da na jera, tana wasa da bakin zanenta. Can ta yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Baba, in ba ta gyaruwa, ba komi."

'Ya'yana, a nan na yi asarar da har yau ban mayar ba. Yarinya 'yar shekara takwas ta tattara duk ƙarfin halinta ta gaya mini tana so ta zauna, da irin harshen da muka koya mata, harshen da ba ya faɗin abu kai tsaye. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne: Baba, ka kasa, na yafe maka. Ni da ba na iya kiran sunanta, ba na iya riƙe hannunta a kasuwa, ba ni da abin da nake nuna mata sai wannan hannun da abin da ya iya. Na taɓa jin ta a bayan rumfa tana gaya wa ƙawayenta cewa ba abin da ke da taya da zai gagari babanta. In wannan ma ya faɗi, me ya rage mini a idonta? Zuciya ta taso mini, kun san halina.

"Wa ya ce miki ba ta gyaruwa? Taho ki riƙe nan."

Ita ce magana mafi tsawo da na yi mata a wannan mako. Ta taso ta tsuguna a gabana. Na cusa soso a cikin taya ta fari, na daidaita shi kada ya naɗe, na zaunar da ita a kan janti, na bi leɓen da yatsa har ya faɗa kwarinsa ko'ina. Na sa mata zoben roba, ta riƙe da hannu biyu. Na ɗaga leɓen da farce, na ɗiga. Kol ɗin ya bi kwarin da kansa kamar ruwa a lambun albasa, na saki, na matsa gaba, na ɗiga. Gefe ɗaya, mu ajiye ya kama, mu ɗauki wata. Da muka gama huɗun muka juya su muka bi ɗaya gefen. Kanta na kusa da nawa har ina jin numfashinta, ƙamshin man da Inna ke shafa mata yana shiga hancina. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba, kuma ban so aikin ya ƙare ba, amma ban iya ɓata shi ba. Hannuna bai yi rawa ko sau ɗaya ba. A ɗigo na ƙarshe sai da na matse kwalbar da haƙori, ya fito, ya isa cif. Na ja kowace taya da ƙarfi, ba wadda ta motsa. A duk shekarun da na yi ina sana'a ban yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Na miƙa mata motar ina jiran dariyar nan ta ran Juma'a. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Baba," ta tafi gida.

Alhamis da safe a tasha, kafin mota ta cika, aka gwada ta. Ta haye yashi, ta haye tsakuwa, ta zagaye teburin mai shayi ta dawo. Direbobi da 'yan kamasho suka taru suna tafi, suna cewa Garba ya gagari nasara. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, kaina ya kumbura, na ɗan lokaci na manta abin da ake yi a wurin. Rakiya ta ɗauki motarta ta ce za ta je ta sha ruwa a randar rumfata, ta je ta dawo, ta shiga ta zauna a jikin taga. Mariyama ta tsaya a gabana, jakarta a kafaɗa.

"Yaya Garba, ka gyara ke nan."

"Na gyara."

"To." Ta gyara mayafi, ta sake kallona. "Ba ka da wata magana?"

Mutane na tsaye kewaye da mu, waɗanda suka gama yi mini kirari yanzun nan.

"Allah shi kiyaye hanya," na ce.

Gaskiya ne ban tsaya kallon motar ba. Abdu bai yi ƙarya ba. Na juya na nufi rumfa da sauri domin na san in na tsaya zan yi abin da za a yi shekara ana ba da labarinsa a tashar Madawa. Na zauna na ɗauki wani shambur ina juya shi ban san abin da nake nema ba. La'asar ta yi, na ɗaga kai na kalli tayar kamiyon nan, ba kowa. Na tashi in kawar da ita daga idona, ina ɗagawa sai wani abu ya yi ƙara a cikin kwarinta. Telekomand ne. Na ce a raina, ka ji yarinta, ta zo shan ruwa ta manta, ga shi mota ba ta tafiya sai da shi.

Kwana tara yana hannuna. Inna ta daina yi mini magana sai amsa gaisuwa. Kowace safiya in ce yau zan kai wa yarinyar da kaina, in ga inda take kwana, in ga ko tana cin abinci. Ban taɓa zuwa Yamai ba, amma ba nisan ne ya tsaya mini ba. Ran na takwas na wanke babbar rigata ta salla, na kai aka yi mata guga. Ran na tara na sa ta, na naɗe telekomand a takardar siminti na ɗaure da roba, na je tasha na tsaya a jikin motar Yamai. Ƙafata ɗaya na kan matakala sai wani ɗan kamasho, wanda muke wasa da shi, ya hango ni ya ɗaga murya.

"Kai jama'a, ku zo ku ga Garba da babbar riga! Ina zuwa haka? Ko kewar ɗiyar hwari ta ta kama ka?"

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, Allah ya jiƙansa. Na sauke ƙafata. Na ce saƙo kawai na kawo, biki za ni cikin gari. Na miƙa wa direba ƙunshin, na kwatanta masa likitar da Mariyama ke aiki, na zagaya ta bayan kasuwa na koma gida na cire rigar. Daga nan shekaru suka yi ta tafiya yadda suke yi. Da shekara ta zagayo yarinyar ta zo hutu da faransanci a bakinta, ta gaishe ni a durƙushe, kuma tun daga ranar gaisuwarmu ba ta canza ba. Inna ta rasu, na auri uwarku, kuka cika gidan, na gode wa Allah. Amma la'asar ba ta taɓa yi mini daɗi a rumfar nan ba har na bar ta.

Bara waccan, da idona ya yi yana aka ce sai an yi mini aiki a Yamai, kun tuna a gidan yayarku na sauka. Shi ne zuwana na farko. Ran da aka sallame ni ita ta riƙo hannuna daga mota, ido ɗaya a naɗe, tana gaya mini inda zan taka. Ta zaunar da ni a barandarta ta kawo mini kunu. Tana da furfura a gaban goshi, ban lura ba sai ran nan. Muna zaune shiru irin namu, sai ta ce:

"Baba, ka tuna telekomand ɗin motata?"

"Wanda kinka mance cikin taya."

"Ban manta shi ba. Ajiye shi na yi." Ta juya cokali a kofin. "Na ce in ka gani dole ka kawo. In ka zo kuma sai in riƙe rigarka in ƙi saki, ko Tanti Mariyama ta yi yaya. Kullum in na dawo lakkwal a bakin ƙofa nake zama."

Na tambaye ta kwana nawa ta yi tana jira, ko da yake na san amsar.

"Tara. Ran na goma sai ga direba."

Ba da fushi ta faɗa ba, har da ɗan murmushi, ta tashi ta tafi duba tukunya. Ni kuma na zauna da kofi a hannu. Ban gaya mata labarin rigar ba, ban gaya mata ƙafata ta hau matakala ba. Likita ya hana idon ya jiƙe, na kuwa jiƙa shi.

Ga shi yanzu na faɗa, kun ji kafin ita, kuma wannan ma bai kamata ba. Abdu, in ka gama kwafe wannan babi da rubutunka mai kyau, kada ka aika mata ta waya, kada ka ba direba. Ka kawo mini, ka sa a yi wa rigata guga. Ni zan kai.